Léonie Chaptal, matar da ta samar wa aikin jinya takardar shaidar gwamnati

Duk wanda ya taɓa kai maras lafiya wata cibiyar CSI a gundumar Dakoro ya san majo, malamin jinyar da ke duba mutane, ya rubuta magani, in ciwo ya fi ƙarfinsa ya tura babban asibitin gunduma. A takardun aikin irin waɗannan ma'aikata akan ga haruffa uku, IDE, ma'ana malamin jinya mai difloma ta gwamnati. Asalin wannan suna yana komawa ga wata Bafaranshiya, Léonie Chaptal, wadda ta rasu tun 1937.

An haife ta ranar 6 ga watan Janairun 1873 a garin Cosne-d'Allier da ke tsakiyar ƙasar Faransa, a gidan masu hali da suna, zuriyar Jean-Antoine Chaptal, masanin kimiyya da ya riƙe muƙamin minista a zamanin Napoleon. A lokacin ba a saba ganin 'yar irin wannan gida tana wankin gyambo ba. Jinya aikin mata masu zaman zuhudu na coci ne, ko kuma na barorin asibiti da ake biya abin da bai taka kara ya karya ba, akasarinsu ba su yi wani karatu ba. Duk da haka ta koyi aikin a asibitocin birnin Paris.

Ta fara aiki a Plaisance, unguwar talakawa a birnin, inda ɗan'uwanta Emmanuel yake limamin coci. Mutane a cunkushe suke cikin ƙananan ɗakuna, tarin fuka yana ta kisa, jarirai suna mutuwa. Ta buɗe wurin duba masu tarin fuka da na kula da mata da ƙananan yara, tana bi gida-gida. A nan ta ga cewa tausayi kaɗai ba ya warkar da kowa. Mai jinyar da ba ta san yadda cuta ke yaɗuwa ba tana iya kwasar ta daga wannan gado zuwa wancan, alhali da kyakkyawar niyya ta zo. A 1905 ta kama ragamar wata makarantar koyon jinya mai ɗakin kwanan ɗalibai a unguwar, inda ake shekara biyu ana haɗa darasin aji da aiki a gefen gadon maras lafiya.

Yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, ya fito da matsalar fili. Dubban mata sun ba da kansu don jinyar sojojin da suka ji rauni, da yawansu bayan horon 'yan makonni. Da yaƙi ya ƙare, kowace makaranta da irin takardar da take bayarwa, kuma ba mai iya bambance wadda ta shekara biyu tana koyo da wadda ta yi wata guda. A 1921 Chaptal ta gabatar wa hukuma rahoto tana neman a tsara aikin. Ranar 27 ga Yunin 1922 gwamnati ta fitar da dokar da ta kafa takardar shaidar ƙwarewa, wadda mai ita ce kawai ke da ikon kiran kanta malamar jinya mai difloma ta gwamnatin Faransa. Dokar ta kuma kafa majalisar sa ido kan makarantun jinya, domin karatu ya zama iri ɗaya ko'ina.

Ba ta tsaya nan ba. A 1923 ta kafa mujallar L'Infirmière française, a 1924 kuma ƙungiyar masu wannan difloma ta ƙasa baki ɗaya. Daga 1929 zuwa 1933 ita ce shugabar majalisar malaman jinya ta duniya. Ta rasu a Paris ranar 27 ga Maris 1937 tana da shekara 64.

Akwai abin da ba ta kai ga gani ba. Dokar 1922 ta kare sunan ne kawai, ba ta hana maras takarda yin jinya ba. Sai bayan rasuwarta aka wajabta diflomar, abin da dokar 8 ga Afrilun 1946 ta tabbatar. Haka nan a zamaninta ana ɗaukar malamar jinya mai zartar da umarnin likita ce kurum, sai a 1978 dokar Faransa ta amince cewa tana da nata fagen aikin da take yanke shawara da kanta.

A Nijar, zamanin mulkin mallaka, yawancin 'yan ƙasa matsayin mataimaka ake horar da su. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ƙasar ta gina nata makarantun, ta kuma riƙe sunan diflomar. Yau makarantun ENSP na Yamai da Damagaram suna cikin masu yaye waɗannan ma'aikata. Sai dai nauyin da ke kan malamin jinya a ƙauyukan Dakoro ya zarce wanda Chaptal ta sani, domin a wurare da dama babu likita kusa, shi ne mai gano ciwo, shi ne mai rubuta magani. Wannan ya sa sanin iyakar aiki ya zama batun rai da mutuwa. Haihuwar da ta zo da gardama ko yaron da zazzaɓi ya ƙarar wa jini, turawa asibitin gunduma da wuri shi ne aikin da ya dace.

Tambayar da ta dame ta shekaru fiye da 100 da suka wuce tana nan a kasuwanninmu, inda masu tallar magani ke sayar da ƙwayoyi a rana, wasu har suna yi wa mutane allura a gida. Allurar da aka yi ba daidai ba tana iya shanye ƙafar yaro, wadda aka sake amfani da ita kuma tana iya ɗaukar cuta daga jinin wani zuwa na wani. Maras lafiya ba shi da hanyar auna ilimin mai riƙe da sirinji. Takardar da Chaptal ta yi wa fafutuka ita ce ke tsaya masa, kuma haƙƙinsa ne ya tambayi ko mai yi masa allura yana da ita.