Shehu Ibnu Abi Zaidin, Mai Risala, da Haƙƙin Uwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, da wuya a sami zauren karatu a Tawa ko Kaita wanda ba a biya Risala a cikinsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mai ita.

Shi ne Abu Muhammad Abdullahi ɗan Abi Zaidin. An haife shi a Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, a shekara ta 310 Hijira (922), lokacin da Fatimiyawa ƴan Shi'a suke mulki, malaman Malikiyya suna cikin ƙunci. Ya yi karatu wurin Ibnul Labbad, ya shahara har aka yi masa laƙabi da Ƙaramin Malik. Ya wallafa Annawadir waz Ziyadat, ya kuma yi suna wajen ciyar da almajirai. Ya rasu a 386 Hijira (996).

Risala kuwa ya rubuta ta ne bisa roƙon Shehu Muhrizu ɗan Halaf, malamin yara, domin a koyar da ƙanana. A babin idda da ciyarwa ya bayyana cewa bayan saki uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta sake aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan ƴar'uwar uwa. Ciyarwa tana kan uba.

To, mu duba halinmu a Adar. Sau da yawa da an yaye yaro, ko ya kai shekara bakwai, sai dangin uba su karɓe shi, alhali uban yana ci-rani a Abijan. Wata uwar ko ganin ɗanta ba a bari ta yi, wannan kuwa yanke zumunci ne. Abin da Shehu ya ga ya kamata yaro ya sani, mu malamai da alƙalai ba mu da uzurin ɓoye shi don tsoron al'ada.

Allah Ya jiƙan Shehu, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka karanta. Amin.