Sayyidina Umaru Ɗan Haɗɗabi, Halifa Mai Bin Diddigin Amana

An haifi Sayyidina Umaru, Allah Ya ƙara masa yarda, a Makka cikin Banu Adiyyi na Ƙuraishawa. Ya gaji Sayyidina Abubakar a shekara ta 13 bayan Hijira (634 Miladiyya), ya riƙe halifanci shekara 10.

Al'adarsa ce idan ya naɗa gwamna, sai a rubuta dukiyarsa tun ranar naɗi. In daga baya ta ƙaru fiye da kima, sai a mai da rabinta baitulmali. Lokacin aikin Hajji kuwa yakan tara gwamnoni, talaka ya kai kukansa a gaban idonsu.

Da mutanen Kufa suka kai ƙarar gwamnansu, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, bai yi watsi da ita ba saboda girman Sa'adu, bai kuma yanke hukunci bisa jita-jita ba. Ya aiki Muhammadu ɗan Maslama ya bi masallatan garin ɗaya bayan ɗaya yana tambayar jama'a. Laifi bai tabbata ba, amma ya sauke shi domin kashe wutar fitina.

A shekara ta 23 (644) Abu Lu'lu'a ya soke shi yana limancin sallar Asuba a Madina. Kafin ya cika ya sa Sa'adu cikin mutum 6 da za su zaɓi magajinsa, ya bayyana cewa ba don ha'inci ko gazawa ya sauke shi ba.

Duk wanda aka danƙa wa jama'a ko dukiyarta, ga abin koyi. Allah Ya ba mu ikon sauke amana, amin.