Anna Katharine Green, marubuciyar da ta riga Sherlock Holmes

An haifi Anna Katharine Green a Brooklyn ta Amurka a 1846, mahaifinta lauya ne. Da rubutun waƙa ta fara, amma littafinta na 1878, The Leavenworth Case, shi ya fito da sunanta. Labarin kisan wani attajiri ne, inda alamu suka jefa zargi kan wadda ba ta aikata ba, har jami'in bincike Ebenezer Gryce ya bankaɗo gaskiya, shekara tara kafin bayyanar Sherlock Holmes. Daga baya ta ƙirƙiro mata masu bincike, Amelia Butterworth da Violet Strange, duk da cewa ita kanta ta yi adawa da bai wa mata 'yancin ƙuri'a. Ta rasu a Buffalo a 1935.