Kazimierz Nowak, Talakan da Ya Ratsa Afirka a kan Keke

An haifi Kazimierz Nowak ran 11 ga Janairu 1897 a garin Stryj, wanda yau yake cikin ƙasar Yukren. Bayan yaƙin duniya na ɗaya ya zauna a Poznan ta ƙasar Folan, ya yi aure, ya samu ƴaƴa biyu. Ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma attajiri ba: ma'aikacin ofis ne wanda aiki ya ƙare masa. Sai ya yi shawara ya riƙa yawon ƙasashe a kan keke, yana aiko wa jaridu labarai da hotuna, abin da suka biya shi ya ciyar da iyali.

Cikin watan Nuwamba 1931 ya sauka Tarabulus da tsohon kekensa, da niyyar kai wa ƙarshen Afirka ta kudu. Lokacin kuwa ƙasar Libiya tana cikin ƙunci, don wata biyu ke nan da Italiyawa suka rataye Umar Muhtar. Nowak ya kutsa cikin hamada, amma hukumomin Italiya suka tare shi a zangon Marada, suka umurce shi ya koma bakin teku. Dole ya bi ta Bangazi har Iskandariya. Daga nan ya bi Kogin Nilu, ya wuce manyan tafkuna, ya isa Agulhas, inda ƙasa ta ƙare, cikin Afrilu 1934.

Abin da ya bambanta shi da sauran nasaran zamaninsa shi ne tafiyar talaka ya yi. Ba ƴan dako, ba rakiyar soja. Inda dare ya yi masa nan yake kafa ɗan tantinsa. Saboda haka ya ga mulkin mallaka daga ƙasa, wajen waɗanda ake mulka, kuma ya rubuta zaluncin da ya gani ba tare da rufa-rufa ba. Wannan bai yi wa masu neman Folan ta samu nata yankin mallaka daɗi ba, suka juya masa baya.

Komowa ta fi tafiya wuya. Keken ya lalace, ya hau doki. A Kongo ya shiga kwale-kwale, ruwa ya farfasa shi, ya taka da ƙafa. Da ya iso Tafkin Cadi, Faransawa suka hana shi ratsa Sahara a kan keke, sai ya sayi raƙumi, ya yi wata biyar kafin ya kai Wargala. Wanda ya san wahalar hanyar Arlit zuwa Cibarakatan, ko da cikin mota mai ƙarfi, ba ya bukatar a yi masa bayanin waɗannan watanni. Ya sake hawa keke, ya shiga birnin Alje cikin Nuwamba 1936, bayan kilomita wajen 40,000 da hotuna fiye da 10,000.

Bai ci moriyar wahalarsa ba. Zazzaɓin cizon sauro ya riga ya cinye masa jiki, aka yi masa aiki a ƙafa, ciwon huhu ya biyo baya. Ya rasu a Poznan ran 13 ga Oktoba 1937, yana da shekara 40. Aka manta da shi har shekarar 2000, sa'ad da aka tattara wasiƙunsa cikin littafi. A 2006 marubuci Ryszard Kapuscinski ya buɗe allon tunawa da shi a tashar jirgin ƙasa ta Poznan, inda ya faro tafiyar.