Bass Reeves, bawan da ya zama ɗan sanda har ya kama ɗan cikinshi

Tarihinmu na wannan mako daga Amurka ya fito. Bass Reeves baƙar fata ne, an haife shi cikin bauta a jihar Akansas a shekara ta 1838. Lokacin yaƙin basasar Amurka ya tsere ma ubangijinshi, ya faɗa yankin Indiyawa ƴan asalin ƙasa, inda yau ake kira Okalahoma. Can ya koyi harsunansu, ya san daji lungu-lungu. Da aka hana bauta a 1865 sai ya koma noma, ya yi iyali.

A 1875 aka kai alƙali Isaac Parker garin Fort Smith, aka shiga neman mutanen da za su kamo ɓarayin dawaki da masu kisan kai. Aka ɗauki Reeves. Mutumin nan fa bai iya karatu ba. Sai a karanta mishi takardar kamu, ya riƙe suna da laifi a kai, ya hau doki. Wani lokaci ma ya sa tsummoki kamar mabaraci, har ya shiga gidan wanda ake nema. Shekara 32 yana wannan aiki, kuma ana cewa ya kama mutum wajen 3000.

To, abu mai nauyi ya faru a 1902. Ɗanshi Bennie ya kashe matarshi, ya gudu. Takardar kamu ta fito, shugaban ƴan sandan ya rasa wanda zai ba, don kunyar tsohon. Reeves da kanshi ya karɓe ta. Ya bi sawun yaron, ya kawo shi gaban shari'a, aka yanke mishi ɗaurin rai da rai a kason Leavenworth. Ku dai duba, iyaye nawa ne za su iya? Bennie ya yi shekaru a kaso kafin a sako shi.

Da Okalahoma ta zama jiha a 1907, aikin nashi ya ƙare. Ya shiga ƴan sandan garin Muskogee, yana sintiri a ƙasa, ga tsufa. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya rasu ran 12 ga Janairu 1910. Sai a 2012 aka kafa mutum-mutuminshi bisa doki a Fort Smith.