Bessie Coleman (1892–1926): Matuƙiyar da Ta Ƙetare Teku Neman Malami

A ranar 15 ga watan Yuni na shekarar 1921 ne hukumar harkokin jiragen sama ta duniya, Fédération Aéronautique Internationale, wadda mazauninta ke Faris a wancan zamani, ta ba wata 'yar Amurka mai suna Bessie Coleman lasisin tuƙin jirgi. Shekara 18 ba su cika ba tun da Wilbur da Orville Wright suka ɗaga jirginsu a Kitty Hawk. Ba ita ce macen farko ba, domin Raymonde de Laroche ta Faransa ta riga ta tun 1910, haka ma Harriet Quimby ta Amurka a 1911. Ita dai ce baƙar mace ta farko daga Amurka da ta riƙe wannan takarda, kuma sai da ta koyi wani harshe, ta ƙetare teku, kafin ta sami wanda zai yarda ya koya mata. Sauran shekara biyar ɗin da suka rage mata a duniya ta ƙarar da su ne wajen neman kuɗin buɗe makaranta, don kada wani ya sake yin irin wannan tafiya.

An haife ta ranar 26 ga Janairu 1892 a wani ƙaramin gari mai suna Atlanta a jihar Teksas, ita ce ta goma cikin 'ya'ya 13 na George da Susan Coleman. Tana ƙarama iyalin suka koma Waxahachie, ƙasar noman auduga. Mahaifinta yana da jinin 'yan asalin ƙasar na farko, kuma a 1901 ya tafi yankin da aka keɓe wa ƙabilunsu, wanda daga baya ya zama jihar Oklahoma, yana fatan samun sauƙin wariya. Susan ta ƙi bin sa. Ta zauna da yaran tana aikatau a gidan wasu Turawa, ita kuwa Bessie ta ɗauki renon ƙannenta. Makarantarsu ɗaki ɗaya ce, ta baƙar fata zalla, tafiyar mil huɗu daga gida, kuma da zarar auduga ta nuna sai a rufe ta kowa ya tafi gona. Duk da haka ta yi fice a lissafi. Da kuɗin wanki da guga ta shiga jami'ar baƙar fata da ke Langston a Oklahoma a 1910, amma zango ɗaya kawai ta yi guzurin ya ƙare.

A 1915, tana da shekara 23, ta bi ayarin dubban baƙar fata da ke barin Kudu zuwa biranen Arewa, ta sauka wurin yayyenta a Shikago. Ta koyi gyaran farce, ta sami aiki a wani shagon aski. A irin wannan shago ake jin labarin duniya, kuma a nan ta riƙa jin hirar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu tarihinta sun ruwaito cewa yayanta John, wanda ya yi aikin soja a Faransa, ya riƙa tsokanarta da cewa matan Faransa har jirgi suke tuƙawa, abin da ita da ire-irenta ba za su taɓa yi ba. Ta ɗauki tsokanar da gaske. Makarantun tuƙi na Amurka kuwa duk suka juya mata baya, wasu don mace ce, wasu don baƙa ce, mafi yawa don duka biyun.

Robert S. Abbott, mai jaridar Chicago Defender, shi ya ba ta shawarar tafiya Faransa. Shawarar tana da tushe, domin a can ne Eugene Bullard, wani baƙar fata ɗan Amurka, ya tuƙa jirgin yaƙi a 1917, alhali rundunar ƙasarsa ta ƙi karɓarsa. Bessie ta shiga ajin Faransanci, ta tara abin da ta tara, Abbott da wani mai banki, Jesse Binga, suka tallafa. A Nuwamba 1920 ta shiga jirgin ruwa. Makarantar 'yan uwan Caudron da ke Le Crotoy, a gaɓar tekun arewacin Faransa, ita ta karɓe ta.

Ya kamata a san irin abin da ake kira jirgi a lokacin. Wanda ta koya da shi ƙirar Nieuport ne mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, gangar jikinsa katako ce da aka lulluɓe da ƙyalle aka ɗaure da wayoyi. Babu rufi a kan matuƙi, babu birki. Da sanda ɗaya a gabansa da wani ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafunsa yake sarrafa shi, ƙarar inji kuma ba ta barin ɗalibi ya ji malaminsa sosai. A gaban idonta wani ɗalibi ya faɗo ya mutu. Ta ci gaba, ta gama cikin kimanin wata bakwai. Mako biyu kafin a ba ta lasisin ne aka ƙone unguwar baƙar fata ta Greenwood a birnin Tulsa, cikin jihar da ta taɓa karatu, kuma shaidu sun ba da labarin jirage suna shawagi a kan unguwar yayin da take ci da wuta. Ƙasar da ta koma ke nan a watan Satumba na 1921.

Lasisi kuwa ba ya ciyar da mai shi. Sufurin fasinja ta sama bai kankama ba, kuma ba wanda zai ɗauki mace baƙa aikin kai wasiƙu. Hanya ɗaya da ta rage ita ce wasan bajinta: matuƙi ya bi gari-gari yana juyi da alkafura a sama, jama'a su biya kuɗin kallo. Wannan ma yana buƙatar ƙarin horo, kuma a nan ma ba ta sami malami a gida ba. A Fabrairu 1922 ta sake komawa Turai, ta ƙara karatu a Faransa, ta sadu da Anthony Fokker, fitaccen maƙerin jirage, a Holan, sannan ta wuce Jamus ta yi atisaye da matuƙan kamfaninsa. Wasanta na farko a Amurka ta yi shi ne ranar 3 ga Satumba 1922 a filin Curtiss kusa da New York, a bikin karrama tsofaffin sojojin runduna ta 369, ta baƙar fata. Bayan 'yan makonni ta yi na Shikago.

Ta iya tallar kanta, kuma ba kullum take tsayawa kan gaskiya tsantsa ba. Ta rage wa kanta shekara huɗu a takardu, tana kuma ƙara gishiri a hirarta da 'yan jarida, abin da ya wahalar da masu bincike daga baya. Amma inda abin ya shafi mutunci ba ta sassautawa. An ba ta matsayi a wani fim, ta amince don kuɗin makaranta, da ta ga za a fara nuna ta cikin tsumma da sanda da ƙunshi a baya sai ta fice, ko da yake hakan ya jawo mata asarar masu ɗaukar nauyinta. A 1925, da ta je wasa garinsu Waxahachie, ta ƙi tashi sai an yarda baƙi da farare su shiga ta ƙofa ɗaya. An yarda, sai dai a ciki kowane ɓangare ya zauna a nasa gefe. Nasarar ke nan daidai gwargwadonta, kuma a Teksas ta wancan lokaci ba ƙarama ba ce. Tsakanin wasanni tana bin majami'u da makarantu da gidajen silima tana lacca, tana nuna hotunan tashinta, tana kiran matasa, musamman mata, su shiga wannan fage.

Abin da ya fi damun ta shi ne rashin jirgin kanta. Bayan yaƙi sojoji sun yi gwanjon jirage ƙirar Curtiss JN-4, waɗanda ake yi wa laƙabi da Jenny, kuma su kaɗai ne aljihunta zai iya kaiwa. Na farko da ta saya ya mutu mata a sama a yankin Los Angeles cikin Fabrairu 1923. Ta karye a ƙafa da haƙarƙari, ta yi watanni tana jinya, jirgin kuma ya tashi daga aiki. Daga nan sai aro. Sai a 1926 ta iya kammala biyan kuɗin wani tsohon Jenny a Dallas, da taimakon wani attajiri na Orlando, Edwin Beeman.

Bakanikenta, William Wills, wani saurayi farar fata mai shekara 24, shi ya tuƙo jirgin zuwa Jacksonville a jihar Florida, kuma sau uku yana saukar dole a hanya saboda matsalar inji. 'Yan uwa da abokai sun nuna mata rashin amincewarsu da jirgin. Da safiyar 30 ga Afrilu 1926 suka tashi su biyu don duba filin da za ta dira da laima washegari. Wills ne ke tuƙi. Ita tana kujerar baya, ba ta ɗaura bel ba, domin tana so ta leƙa ƙasa ta gefen jirgin. Bayan kimanin minti goma jirgin ya yi sururu ƙasa, ya kife, ta faɗo daga tsayin kimanin ƙafa 2,000. Wills ya faɗi tare da jirgin, shi ma ya mutu. A cikin tarkacen aka tarar da sifana da ta zame ta maƙale a na'urar sarrafawa. Shekararta 34.

An yi mata addu'o'i a Jacksonville da Orlando, sannan a Shikago, inda dubban mutane suka fito, Ida B. Wells, 'yar gwagwarmayar yaƙi da kisan gilla, tana cikin jagororin taron. An binne ta a maƙabartar Lincoln. Manyan jaridun farar fata ba su ba mutuwar wani muhimmanci ba. Sai a 2019 jaridar New York Times ta buga mata ta'aziyyar da ba ta buga ba a lokacin.

Makarantar da ta yi ta tara wa kuɗi ba ta gan ta ba. William J. Powell ne ya kafa ƙungiyar koyon tuƙi da sunanta a Los Angeles a 1929, kuma babban matuƙin ƙungiyar, James Herman Banning, shi ne ya ratsa Amurka daga gaɓa zuwa gaɓa tare da Thomas Allen a 1932. Daga 1931 matuƙa baƙar fata na Shikago suka fara ratsawa ta kan kabarinta suna zuba furanni. A wannan birnin ne kuma Willa Brown ta sami nata lasisin a 1938, ita ce baƙar mace ta farko da ta samu a cikin Amurka, shekara 17 bayan na Le Crotoy.