LABARIN JOHANN BESSLER, MAI WILIN DA BA YA TSAYAWA

Tun zamanin dā akwai wani buri da ya daɗe yana damun masu ƙere-ƙere a ƙasashen Turai, watau su ƙera injin da zai yi ta aiki shi kaɗai har abada, ba itace, ba kwal, ba ruwa, ba iska, ba kuwa mai tura shi. Mutane da yawa sun ƙarar da dukiyarsu da kwanakinsu wajen wannan nema. A cikinsu kaɗan ne suka yi suna kamar wani Bajamushe, Johann Bessler. Na ga ya kamata in kawo labarinsa a wannan shafi, gama abin da ya yi talla a gaban sarakuna shekara 300 da suka wuce, shi a ke talla yau a garuruwanmu da sabon suna, mu kuwa da za mu fita koyarwa, mu za a tambaya.

An haifi Bessler wajen shekarar 1680 kusa da garin Zittau, a ƙasar Saksoni ta Jamus. Iyayensa talakawa ne. Ya yi makaranta a Zittau, sa'an nan ya shiga yawon duniya. Cikin yawon nan ya koyi aikin agogo, ya kuma yi sana'ar ba da magani. Mutum ne mai hannu ƙwarai, amma mai zafin rai, mai yawan zargin mutane. Ko sunansa bai bar shi a fili ba. Ya ɗauki haruffan boko 26, ya musanya kowane harafi na sunansa da wanda ke nesa da shi da harafi 13. B ya zama O, E ya zama R, S ya zama F, har Bessler ya koma Orffyre. Ya ƙara masa wutsiya irin ta Latin, ya zama Orffyreus. Wanda ya so ya gwada a kan allo, zai ga haka ne.

A shekarar 1712 ya bayyana a garin Gera da wani wili na katako, ya ce da kansa ya ke juyawa. Jama'a suka yi ta zuwa kallo. Daga nan ya koma kusa da Leipzig, ya ƙera wanda ya fi girma, a 1715 kuma ya nuna wani a Merseburg. Siffarsu duka kamar ganga ce mai faɗi marar tsawo, an rufe fuskokinta biyu don kada a ga ciki. Mai kallo yana iya tsai da wilin, ya sāke tura shi, ya ga yana ɗaga akwati cike da duwatsu, amma leƙa cikinsa, a'a. Masana suka rabu biyu. Shahararren masanin lissafin nan Leibniz ya je ya gani, abin ya ba shi sha'awa. Waɗansu kuwa, irin su Andreas Gärtner na Dresden, suka ce zamba ce tsantsa, har aka buga zane mai nuna mutum ɓoye a bayan bango yana juya wilin.

Ana cikin wannan gardama sai Karl, mai mulkin ƙasar Hesse-Kassel, ya kira shi a 1716, ya ba shi muƙami da masauki a gidan sarauta na Weissenstein. A nan ya ƙera babban wilinsa. Faɗinsa ƙafa 12, kaurinsa wajen inci 14, an lulluɓe shi da ƙyalle mai kauri. Yana juyawa sau 26 a minti ɗaya. Wanda ya kasa kunne ya kan ji kamar abubuwa masu nauyi guda takwas suna faɗuwa a ciki kowane juyi.

To, ga abin da ya ɗaukaka sunansa. Ran 12 ga Nuwamba 1717 aka tura wilin a wani ɗaki, aka kulle ƙofa, aka buga hatimi. Bayan mako biyu aka buɗe, aka tarar yana juyawa. Aka sāke kullewa, ba a buɗe ba sai ran 4 ga Janairu 1718, aka kuma tarar da shi yana juyawa yadda aka bar shi. Fiye da kwana 50 ke nan. Karl ya ba shi takardar shaida. Bessler ya sa wa asirinsa kuɗi, fam 20,000 na Ingila, dukiyar da a zamanin nan sai sarakuna. Ya ce sai an ajiye kuɗin tukuna za a ga ciki. A 1719 ya buga littafi da Jamusanci da Latin yana yabon wilinsa, amma bai faɗi yadda ya ke aiki ba.

A 1721 wani shaihun malami na jami'ar Leiden a ƙasar Holan, sunansa Gravesande, ya zo Kassel. Ya dudduba sandan da wilin ke juyawa a kansa, da ginshiƙan da suka tallafe shi, bai ga inda ƙarfi ke shigowa daga waje ba. Ya rubuta wa Ishaku Newton wasiƙa ya ba shi labari. Kamata ya yi Bessler ya yi murna da irin wannan shaida. Ina! Da ya ji an dudduba masa wili, sai ya zaci asirinsa a ke so a sace, ya hasala, ya farfasa shi da hannunsa. Sarkin Rasha, Bitrus Babba, ya yi niyyar saye in an tabbatar masa, amma ya rasu a 1725 ba a yi ciniki ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1727 baranyar gidan Bessler ta je gaban hukuma ta ba da shaida, ta ce ita da matarsa da ɗan'uwansa su ne su kan juya wilin daga ɗakin da ke maƙwabtaka, ta wani siririn ƙarfe da aka ɓoye, suna karɓar juna. Gravesande bai yarda da maganarta ba, ko da ya ke shi ma ya ɗauki Bessler kamar mai taɓin hankali. Amma daga ran nan masu saye suka ja da baya. Karl ya rasu a 1730, inuwar da Bessler ke fakewa ta gushe. Ƙarshensa abin tausayi ne. Yana cikin talauci ya sami aikin gina injin niƙa mai aiki da iska a Fürstenberg, ya faɗo daga bisa ginin, ya mutu ran 30 ga Nuwamba 1745. Asirin ya bi shi kabari.

Ko baranya ce ta juya wilin, ko wata dabara ce irin ta masu agogo ya ɓoye a ciki, abu ɗaya ya tabbata: wilin yana da inda ya ke samun ƙarfi. Ku dubi yaro a kan lilo. In ka ja shi baya ka saki, ba zai taɓa wuce tsayin inda ka sake shi ba, kowane zuwa kuma sai ya ragu, har ya tsaya. Haka nauyin da ke cikin wili. Duk abin da ya bayar sa'ad da ya ke sauka a wannan gefe, sai an biya shi daidai kafin ya hau ta wancan gefe. Bayan wannan ga gugar sanda da mazauninsa, ga iska tana tarewa. Ƙarfin da ya tafi nan ba ɓacewa ya yi ba, zafi ya zama, kamar yadda mu kan murza tafin hannu da sanyin hunturu mu ji ɗumi. Tun 1775 majalisar masana kimiyya ta Faris ta yanke ba za ta ƙara duba irin waɗannan injuna ba. Daga baya James Joule na Ingila ya auna yadda aiki ke zama zafi, Helmholtz na Jamus kuma ya rubuta dokar a 1847: ƙarfi ba a ƙirƙirarsa, ba a hallaka shi, sāke kama kaɗai ya ke yi.

Ku duba kewaye da mu, kowane injin kirki yana da abincinsa. Jiragen ƙasa da suka riƙa bi ta Kafanchan a dā, kwal na Inugu suka ci. Wutar Kainji, tun 1968, da ta Shiroro a kan kogin Kaduna, tun 1990, ruwa ne mai gangarowa ke ba da su. Injin niƙa yana shan mai, faifan sola yana shan rana. Amma yanzu ga masu tallan janareta marar mai. Batir ke juya mota, mota ta juya abin da ke haifar da wuta, wutar kuma wai ta koma ta cika batir. Wannan wilin Bessler ne aka sa wa waya. Kamar mutum ne mai cire kuɗi daga aljihun dama ya sa a na hagu, kowane zuwa kwabo ya faɗi, yana tsammani arziki ya ke tarawa. Batir zai ƙare, ko ba jima ko ba daɗe. Manomin Kachia da ya sayar da cittarsa ya sayi irin wannan, guminsa na shekara guda ya tafi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A ganina babbar hasarar Bessler ita ce ƙyallen nan da ya rufe wilinsa da shi. Joule ya buga yadda ya yi awonsa domin kowa ya gwada, ya kama shi in ya yi kuskure, shi ya sa aikinsa ke cikin littattafanmu har yau. Bessler ya rufe nasa, ya fasa shi don an matso kusa, ya bar mana labari kawai.

'Yan'uwana ɗalibai, in mun shiga aji, mu koya wa yaranmu tambaya biyu da za su yi wa kowane sabon inji. Ta fari, me ya ke ci? Ta biyu, mai shi zai yarda a buɗe a gani, a kuma gwada shi a hannun wani? In ya amsa su sosai, madalla, mu saurare shi da ladabi ko da yaro ne ƙarami, gama ƙasarmu tana bukatar masu ƙira. In kuwa ya ce asiri ne, sai an biya tukuna, to, mu riƙe kuɗinmu.